KUNYA DABAN, NOƘEWA DABAN

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa, wani abu ne da na gani da idona ranar walimar saukar Alƙur'ani ta bana, kuma har yau bai bar raina ba. Ka dai san yadda ranar take. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an shimfiɗa tabarmi. Baƙi sun cika makaranta: malamai, limamai, 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, masu sana'ar hannu, da tsofaffin ɗalibanmu da suka zama mutane. Bayan an shafa addu'a an tashi, ana cikin rabon abinci, sai na hango wani ɗalibinmu, yaro mai hazaƙa, wanda ya daɗe yana gaya mini shi dai aikin asibiti yake so ya karanta. Ga wani likita cikin baƙinmu yana zaune shi kaɗai, yana jiran a janye motocin da suka tare tasa. Tsakaninsu bai fi taku uku ba. Kusan rabin sa'a bawan Allah nan yana zaune, ba abin da yake yi. Yaron ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya sake dubansa, ya yi ta wasa da gefen hularsa, har aka buɗe hanya likita ya tashi ya tafi. Washegari na kira shi na ce, "Me ya hana ka gaishe shi, ka tambaye shi abin da kake tambayata kullum?" Sai ya ce, "Wallahi Malam, kunya nake ji."

Wannan magana ita ce ta tsaya mini a rai, domin kuwa ba shi kaɗai ba ne. Duba duk taron da muke zuwa, ko walima ce, ko musabaƙa, ko ɗaurin aure, ko suna. Za ka ga 'yan makaranta sun cure a lungu guda. Wanda suka zo tare, da shi za su zauna, da shi za su ci, da shi za su koma gida. An je taron mutum ɗari biyar, an dawo ba a ƙaru da sanin ko mutum ɗaya ba. Sai nan da shekara biyu ko uku, an gama sakandare, ana neman wanda zai ba da shawara kan karatu, ko wanda zai karɓi yaro koyon sana'a, ko wanda zai tsaya masa a shago, a nan ne za ka ji ana cewa, "Ai mu ba mu da kowa." To ina mutanen da Allah ya kawo maka har cikin makarantarku, suka zauna kusa da kai? Hausawa dai sun ce da rashin tayi akan bar araha.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Kunya tana cikin imani, haka aka karantar da mu, haka kuma muke karantar da ku. Kunya ce take hana ka ƙarya, ta hana ka ashar, ta hana ka sa hannu a abin da ba naka ba, ta hana ka ɗaga murya a gaban mahaifinka. Wannan kam Allah ya ƙara mana ita. Amma abin nan da yake ƙulle maka baki a gaban wanda zai amfane ka, ya sa gabanka ya riƙa dukan uku-uku, tafin hannunka ya jiƙe da gumi, ka kasa ko sallama, sunansa tsoro. Tsoron kada a gwale ka, tsoron kada abokai su yi maka dariya, tsoron kada harshenka ya sarƙe. Mun dai sa masa rigar kunya ne don ya yi kyan gani.

Ka tuna labarin Abdullahi ɗan Umar (R.A.) da ya zo a cikin Bukhari. Wata rana Manzon Allah (S.A.W.) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Manya suka shiga laluben itatuwan daji. Shi kuwa yaron nan, nan take dabino ya faɗo masa a rai. Amma da ya duba ya ga shi ne ƙarami a majalisin, ga Abubakar, ga mahaifinsa Umar, duk sun yi shiru, sai shi ma ya kame bakinsa. Daga ƙarshe Annabi ya ba da amsa da kansa, kuma dabinon ne. Da aka tashi ya gaya wa mahaifinsa abin da ya faru. Kana tsammani Sayyidina Umar ya ce masa madalla da ka yi shiru? Ko kusa. Nuna masa ya yi cewa da ya faɗa, da hakan ya fi masa daɗi a kan samun dukiya mai yawa. Haka nan Nana A'isha (R.A.) ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar al'amarin addininsu ba. Shi kuwa Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya gargaɗe mu cewa mutum biyu ba sa samun ilmi: mai jin nauyin tambaya da mai girman kai.

Wani zai ce ai wannan maganar ilmin addini ce, ina ruwanta da shiga cikin mutane a taro? To ka buɗe Suratul Hujurati, aya ta 13. A nan Allah ya sanar da mu hikimar da ta sa ya yi mu dangogi da ƙabilu daban-daban, ita ce mu san juna. Ta yaya za a san juna in kowa ya lafe a lungunsa?

Dubi kuma tarihin Manzon Allah (S.A.W.) a Makka. Duk shekara in Larabawa sun taru lokacin aikin Hajji, da kasuwannin Ukazu da Majanna da Zul-Majazi, yakan bi zangon ƙabilu ɗaya bayan ɗaya, yana gabatar da kansa ga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Wasu su ƙi cikin ladabi, wasu su mayar masa da baƙar magana. Ga baffansa Abu Lahabi yana biye da shi yana ce wa jama'a kada su saurare shi. Duk wannan bai sa ya fasa ba. A shekara ta 620 Miladiyya, a Aƙaba kusa da Mina, ya haɗu da mutum 6 'yan ƙabilar Khazraj daga Yasriba. Ya fara tambayar su ko su wane ne, sannan ya nemi su ɗan zauna ya yi musu magana. Suka zauna, suka karɓi Musulunci. A 621 mutum 12 suka zo suka yi mubaya'a. A 622 sai ga maza 73 da mata 2, kuma a shekarar ne aka yi Hijira, Yasriba ta koma Madina. Ba wai ina haɗa neman abincinmu da kiran Annabi ba ne, a'a, wannan sama da ƙasa ne. Amma ka lura da ladabin: tambaya ya fara yi, izini ya nema, kuma ƙin da aka yi ta yi masa bai hana shi tunkarar na gaba ba.

Mu dawo gida. Kakanninmu fatake da suke tashi daga Kano da Katsina su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni suke yi a ƙasa, da jakuna, a ƙarƙashin madugu. In ayari ya isa Salaga, a ƙasar Gana ta yau, falke baƙo ne, ba ya jin yaren garin, ba shi da dangi. Me yake yi? Mai gida yake nema. Mai gidan nan shi zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in cinikin na bashi ne. Falken da ya riƙe gaskiya bana, baɗi ƙofa a buɗe take. Har ɗansa ma in ya zo ya ce ni ɗan wane ne, an karɓe shi ke nan. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kumasi da sauran zanguna, amma sanayyar ba ta watse ba, tare da ita suka tafi. Irin wannan tsari ne ya riƙe cinikin shanu da goro a Sabo ta Ibadan, inda akan ba mahauci shanu bashi ba takarda, sai dai maganar mai gida kawai.

Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, makarantar allo ya yi, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. Ya yi fataucin goro tsakanin Gana da Legas da Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Turawan kamfani suna da kuɗi, amma ba su san manoma ba, ba su san kasuwannin ƙauye ba. Shi kuwa yana da mutane, yaransa da abokan hulɗarsa waɗanda ya sani suka san shi. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi mai saya masa gyaɗa, kuma ko da ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Ka ga ashe jarin farko na Bahaushe tun can mutane ne da amana, kuɗi daga baya suke zuwa.

To yanzu sai ka ce, "Malam, na ji. Amma in na isa gaban mutumin, me zan ce?" Yauwa, nan ne nake so mu zo.

Shiri tun daga gida yake farawa. Ka yi wanka, ka goge baki, ka sa tufa mai tsabta. Ba sai sabuwa ba, wankakkiya dai. Ka tambayi mahaifinka ko malaminka su wane ne za su zo taron, kuma me kowannensu yake yi. Ka zaɓi mutum biyu ko uku da kake so ka gaisa da su, kada ka ce sai ka gama da kowa. Ka tanadi tambaya guda ga kowannensu. Mafi yawan sarƙewar harshe daga rashin shiri take, mutum ya isa gaban babba sannan ya fara tunanin abin da zai ce.

In ka isa wurin, ƙofar da ta fi kowace sauƙi ita ce hidima. Yaron da yake kai wa baƙi ruwa, ya miƙa buta, ya nuna wurin zama, ya ɗauke kwanuka, shi ne wanda kowane baƙo zai ga fuskarsa. Ba wanda zai ce ya yi shisshigi, aiki ne ya kawo shi. Sau da yawa ma babban ne zai fara cewa, "Kai yaron nan, ɗan gidan wa ne?" Ka ga an buɗe maka ƙofa ba tare da ka ƙwanƙwasa ba. Saboda haka in ana neman masu hidima a taron makaranta, kada ka ɓuya a bayan aji. Ka ɗaga hannu.

Sai sallama. Addininmu ya riga ya raba mana gardama kan wanda zai fara: ƙarami ne yake yi wa babba, mai tafiya ya yi wa na zaune. Ashe ke nan in kana jiran Alhaji ya fara gaishe ka, ka juya al'amarin. Ka duba lokaci tukuna. In yana magana da wani, ko yana waya, ko loma tana bakinsa, ka dakata a gefe. Kada ka ratsa tsakanin mutum biyu da suke zaune sai da izininsu. In ya sarara, ka matso, ka rusuna, ka saki fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ka yi sallama da muryar da za a ji. In ya miƙo hannu ka karɓa da hannu biyu, in bai miƙo ba ka bar naka a wurinsa. Sannan ka faɗi ko kai wane ne a taƙaice: "Baba, ina wuni? Sunana wane, ɗan gidan Malam wane na unguwa kaza. Ina aji biyar a nan makarantar." Shi ke nan. Numfashi ɗaya ya isa. Kada ka haɗiye sunanka a maƙogwaro har sai an ce, "Me ka ce?" sau uku. Ka gwada wannan a gida, a gaban mahaifiyarka ko yayanka, har bakinka ya saba.

In kuwa abin ya yi maka nauyi ƙwarai, nemi ɗan jagora. Ka je wurin malaminka ko kawunka ka ce, "Allah ya gafarta Malam, ina so a gabatar da ni wurin Injiniya." Wannan ba gazawa ba ce, al'adarmu ce ma. Maganar mutum ɗaya da ya san ku duka biyu ta fi taka goma.

Bayan gaisuwa sai tambayarka. Ka yi tambayar da mutum zai ji daɗin amsawa. "Likita, wane darasi ya kamata in fi ba ƙarfi tun yanzu?" Ko kuwa, "Baba, yaya aka yi kuka fara wannan sana'a?" Ban taɓa ganin dattijon da aka yi wa wannan tambaya cikin ladabi ya ɓata rai ba. Kowa yana son a tambaye shi labarin wahalar da ya sha kafin ya kai inda ya kai. In ya fara magana, kai kuma ka yi shiru ka saurara. Kada ka katse shi, kada idonka ya koma kan waya, kada ka riƙa leƙen bayansa kana neman wanda ya fi shi. In ya faɗi abin da ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Matambayi ba ya ɓata.

Ka kuma san lokacin tashi. Minti uku zuwa biyar sun wadatar, akwai wasu da suke jiransa. Gara ka tashi yana sha'awar ka ƙara zama, da ka zauna har ya fara duba agogo. Ka ce, "Baba, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kada in tsare ku. In ba damuwa, ko zan iya zuwa gaishe ku wata rana?" In ya ba ka lambar waya ko kati, ka adana. In bai bayar ba, kada ka nace. Da ka koma gida, ka sami ɗan littafi ka rubuta sunansa, da aikinsa, da inda kuka haɗu, da shawarar da ya ba ka. Kai ba ka manta ayar da ka rubuta a allo, haka ma wannan.

Abin da ya fi duk waɗannan, kuma a nan ne yawancin mutane suke faɗuwa, shi ne abin da zai biyo bayan taro. Zumunci a ƙafa yake. Cikin makon nan ka aika da gajeren saƙon godiya, ka tuna masa ko kai wane ne. In Sallah ta zo ka je barka da Sallah. In ka ji an yi masa rasuwa ka je ta'aziyya, an yi masa haihuwa ka je barka. In ka bi shawararsa ka ci jarrabawa, ka koma ka gaya masa, domin ba abin da yake faranta wa babba rai kamar ya ga maganarsa ta yi amfani. Amma kada ka yi masa filashin, kada ka kira shi tsakar dare, kada ka cika masa WhatsApp da saƙonnin da aka turo maka. In kuma ya ce ka zo ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu ta yi maka a ƙofarsa. Alkawarin farko da ka saɓa, shi ne zai tuna.

Za a gwale ka wata rana? Ƙwarai kuwa. Za ka gaida wani ya amsa da ka kawai, ko ya ɗauke kai. Wataƙila ya gaji, wataƙila akwai abin da yake damunsa, wataƙila kuma halinsa ne. Kai dai ka sami ladan sallamarka, ba abin da ya ragu a jikinka. Ka wuce wurin na gaba.

Kada kuma idonka ya tsaya kan masu manyan riguna kaɗai. Tela da kafinta da bakanike da mai gyaran waya da suke zaune a tabarmar baya, wataƙila a hannun ɗayansu abincinka yake. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Sa'o'inka ma haka. Tun 1986 da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, ɗalibai suke haɗuwa daga jihohi daban-daban, tun daga matakin ƙaramar hukuma har zuwa sama. Yaron da kuka zauna layi ɗaya kuna jiran a kira ku, gobe shi ne alƙali, shi ne limami, shi ne ɗan kasuwa a garin da za ka sauka baƙo. Ka tambayi sunansa, ka yaba masa karatu, ku yi musayar adireshi. In kuma ana baje kolin kasuwanci a Kaduna ko Kano, ka roƙi yayanka ya tafi da kai. Mutanen da suke tsaye a rumfunan nan, don a tambaye su suka zo. Babu wurin koyon magana da baƙo kamar nan.

Yanzu bari in amsa wata magana da na san tana ran wasu iyaye. Za su ce, "Malam, ai wannan koya wa yara bambaɗanci ne da bin masu kuɗi. Kuma wannan 'wa ka sani' ɗin, ba ita ce ta lalata mana al'amura ba?" Maganarku tana kan hanya, kuma dole a bambance. Akwai sanayyar da ake ɗaukar wanda bai cancanta ba a ɗora shi a kan haƙƙin wani. Wannan zalunci ne, ba ruwanmu da ita. Akwai kuma sanayyar da take sa a san halinka da iyawarka, har in an tashi neman mai amana a tuna da kai. Mai shagon da zai bar wa yaro makulli da aljihun kuɗi, dole wanda ya sani zai ba, ko wanda wani amintacce ya shaida. Wannan ba son kai ba ne, hankali ne.

Ma'aunin da zai raba maka su biyun yana cikin labarin Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.). Ya iso Madina a 622 ba shi da komai. Annabi (S.A.W.) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u, mai dukiya ne cikin mutanen Madina. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi abu guda kawai: a nuna masa hanyar kasuwa. Aka nuna masa, ya je ya dawo da ribar cuku da man shanu, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. To kai ma hanyar kasuwa za ka tambaya, ba rabin dukiya ba. Ranar da ka gaida mutum, ka ɗora da "a taimaka mini da na mota", ka rufe ƙofar da hannunka, gobe in ya hango ka zai sauya hanya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ka nemi shawara, ka nemi ilmi, ka nemi a gwada ka da aiki. Kuma kai ma ka zama mai amfani. Kana iya karatu, ka yi wa ƙaramin ɗansa tilawa. Ka iya waya, ka gyara wa dattijo abin da ya rikice masa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ke ma 'yar'uwa ɗaliba, maganar nan har da ke. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin ta jagoranci mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su karantar da 'yan'uwansu. Da matan nan noƙewa suka yi, da ilmin bai isa ƙauyukan ba. A ɓangaren mata na kowace walima akwai malamai, da ungozoma, da ma'aikatan jinya, da masu ɗinki, da masu sana'ar abinci. Ki matsa ki ce, "Hajiya, ina wuni? Ni ce wance, 'yar gidan wane." Hijabinki bai hana ki wannan ba. Sai dai ki tsare iyakar da shari'a ta sa tsakaninki da maza, kuma duk wata hulɗa ta biyo ta hannun iyayenki.

Wannan gargaɗi na ƙarshe ya shafi maza da mata duka. Ba duk mai fara'a a taro ne mutumin kirki ba. Kun san misalin da Annabi (S.A.W.) ya buga na mai sayar da turare da mai zuga wutar maƙera. Duk wanda ka haɗu da shi, ka gaya wa iyayenka a ranar. Wanda ya ce ka zo kai kaɗai, ko ya ce kada ka faɗa a gida, ko ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka aiki ko gurbin karatu, ka guje shi.

Ku kuma iyaye, a gafarce ni, wani laifin namu ne. Yaro ya buɗe baki a gaban baƙo, mu daka masa tsawa. Baƙi sun zo, mu ce ya shige ciki. Shekara goma sha biyar muna ce masa "yi shiru", rana ɗaya kuma mu ce ya je ya nemi aiki da bakinsa. Ina zai samo bakin? Alhaji, in za ka ɗaurin aure ka tafi da ɗanka, ka ce, "Zo ka gaida baffanka, abokina ne tun muna makarantar allo." Ka bar shi ya faɗi sunansa da kansa. Ka aike shi da saƙon baki wurin manya, in ya dawo ka tambaye shi yadda suka yi. Hajiya, ke ma haka da 'yarki a gidan suna da gidan biki. Abokan arzikin da kuka tara shekara da shekaru gado ne, amma irin gadon da ba a rabawa bayan rai. Sai dai ku miƙa shi tun kuna nan.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, ga aikin gida na ba ka, kuma ba a allo za ka rubuta shi ba. Taron farko da za ka je bayan ka karanta wannan, ka gaisa da mutum uku da ba ka sani ba: babba guda, mai sana'a guda, sa'anka guda. Ka riƙe sunayensu, ka zo ka faɗa wa malamin ajinku. Gabanka zai faɗi a na farko, a na biyu zai ragu, a na uku za ka yi mamakin abin da kake tsoro tun da.

Shi kuwa yaron nan namu, baɗi in Allah ya kai mu yana cikin masu sauka, kuma za mu sake gayyatar likitan. Na yi masa alkawari zan kama hannunsa in kai shi har gabansa. Amma na gaya masa sallamar kam, da bakinsa zai yi ta.

Allah ya ba mu kunya mai amfani, ya raba mu da tsoron da ba shi da dalili, ya haɗa mu da mutanen kirki duniya da lahira. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah ya yafe mini.